Attajirin da Ya Leƙa Jana'izarsa

Malam Tanimu, zauna ka ji. Tun da Allah ya shimfiɗa ƙasa ba a yi wa ɗan Adam irin abin da teloli shida suka yi mini ba. Ni da na koya musu riƙon almakashi, ni da ɗinkina ya sa angwaye suka fi amarensu kyau! Yau na bi ta layin teloli da rigata mai aska takwas, na yi sallama har sau uku. Sallau ya ɗago kai, ya dubi bangon da ke bayana, ya ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙan Maigida, ya so irin wannan turaren." A kan keken ɗinkina yake zaune, Malam. Kekena! Kada ka tambaye ni dalili tukuna, bari in ba ka misali.

A birnin Rum na zamanin da, bawan da ubangidansa ya 'yanta yana da rai bai gama fita ba. Zai ɗauki sunan ubangidan, ya riƙa zuwa gaisuwa, ya yi masa aikin wasu kwanaki a shekara. Amma wanda aka 'yanta a wasiyya, ubangidansa na kabari, kabari kuwa ba ya aike. Irin waɗannan sukan sa hular 'yanci su raka gawa, mutanen gari na ƙirga huluna don su san girman mamaci.

To, wai an yi wani attajiri mai son yabo da ya rubuta bayi talatin a wasiyyarsa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ranar da hulunan za su fito, shi ba zai gani ba. Sai ya haɗa baki da likitan gidansa, wanda shi ma bawa ne, sunansa na cikin talatin ɗin. Ya kwanta ya sandare, likita ya fito ya ce rai ya yi halinsa. Aka buɗe wasiyya gaban shaidu, magada suka raba gida, talatin suka aske kai suka sa hula. Da hantsi aka ɗauko makara, masu busa a gaba, aka nufi bayan gari inda suke ƙona matattunsu. Yana leƙe ta ƙasan mayafi, ransa fes. Da ya ƙoshi da kallo, ya yaye mayafi ya tashi zaune yana dariya, yana jiran guɗa.

Ba wanda ya tsaya. Kafaɗun da ke ɗauke da shi ko girgiza ba su yi ba. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, idanu sittin na kallon hanya, gumi na bin gefen huluna. Kowa ya sani, in mutumin nan na da rai, wasiyya ta tashi, a cire hula a koma bauta. Likita ya matso, ya kama hannun nan mai ɗumi, sannan ya ce wa jama'a a hankali, "Gawa takan yi haka. Iska ce ke fita." Masu busa suka ƙara ƙarfi. Sai da ya hango tulin itace da mutum riƙe da wuta, ya diro ya ruga. Su kuwa suka kai makarar babu kowa, suka ƙona ta, suka zuba toka a tulu, suka sassaƙa sunansa a dutse. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a birnin, ba a korarsa, ba a amsa masa. Duk shekara talatin ɗin kan kai furanni kabarinsa, shi kuma ya raɓe bayan bishiya yana sauraron yabon da suke wa marigayi, yana gyaɗa kai.

Zancen kekunan kuwa... eh, bara ni na tara telolin, gaban shaidu, na ce ranar da na mutu kowa ya ɗauki keken da yake takawa. Saƙon rasuwata da ya zo musu makon jiya daga Damagaram, inda na yi tafiya, shi kuma da wayata aka turo shi. Da yatsana. So na yi in ji wa zai fi kuka. An ce Sallau ne, har ya kasa ɗaga keken sai da aka taya shi.

Yi dariyarka, Malam, amma ka riƙa dubana a ido, in na yi magana ka amsa. Hausawa sun riga sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.