Ciwon Akori-kurar Baba

"Malam, ko a gyara motar nan, ko a sayar a sayi wata," in ji Mama. "Na gaji da jin kunya."

Tsohuwar akori-kurar Baba tana da nata ra'ayin. Yau ta kai mu gona a Obi, gobe ko tari ba za ta yi ba. Maƙwabta da yawa sun zo aro, sun koma da haƙuri.

Ranar Juma'a Baba yana masallaci, Mama ta aike ni na kira Norbert makanike. Ya leƙa injin, ya kwashe da dariya.

"Madam, waya ɗaya ne yana fita. Na yi masa walda, ba zai fita kuma ba."

Ya murɗa makulli, duk unguwarmu ta Akurba ta ji rugugin.

Baba ya dawo ya tarar da layin masu neman aro a ƙofar gida: mai doya, mai kayan amarya, har da maƙwabcinmu Babandi da awakinsa. Ya matso kusa da ni, kamar zai yi kuka.

"Batulu, duk karatunki na jami'a, ba ki taɓa lura ba? Ni nake cire wayar nan!"