Wa Zai Fara Tashi?

Lokacin tashi ya wuce, amma ba wanda ya motsa. A ofishin nan ba a riga manaja tafiya gida, ga sabon manajan zaune daram a ɗakinsa.

Wayar sakatariya ta sake ƙara. 'Yarta kaɗai ta rage a makaranta, za a kulle ƙofa.

Ta ɗauki jaka ta miƙe.

"Yaya, rufa wa kanki asiri," akawu ya raɗa mata. "Aikinki fa!"

Ƙofar manaja ta buɗe. Sai ga shi ya leƙo.

"Alhamdulillahi!" in ji shi. "Sauran fa? Inda na fito, shugaba ba ya tashi sai kowa ya watse. Matata na can tana naƙuda."

Makullin mota na hannunsa, jiƙe da gumi.