Ƙaimi Kafin Majayi

Tun da aka ba ka shugabancin ma'aikatan nan, ba ka da magana sai "a ƙara ƙaimi, a ƙara ƙaimi." To, ka taɓa riƙe ƙaimi a hannunka? Ɗan ƙarfe ne mai tsini da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya don ya zaburar da doki. Zauna in ba ka misali.

Wani manomi ne ƙaninsa ya faɗo daga kan giginya da hantsi, ƙafa ta karye, ga shi mai ɗori yana wani ƙauye bayan kwari. Manomin yana son ƙanin nan kamar ransa, don haka ya ruga gidan maƙwabcinsa ya ari doki. Shi kuwa doki yana da wata dabara da duk mai hawa ya sani. In ana ɗaure masa majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, sai ya kumbura cikinsa. Da ya ɗan taka sai ya sace, majayi ya yi sako-sako. Maƙwabcin ya ce, "Ja shi zuwa bakin rijiya tukuna, ka sake ɗaure majayin, sannan ka hau." Manomi ya ce, "Ɗan'uwana yana can yana ihu, ina ni ina yawo da doki?" Ya ɗaura ƙaimi, ya ɗare sirdi, ya zuba wa dabba ƙarfe a haƙarƙari.

Doki bai yi gardama ba, ya zuba gudu har mutanen gona suna miƙewa suna kallo. Kowane tsalle sirdi yana ɗan karkacewa, shi kuma gogan naka in ya ji ya karkace sai ya ƙara danna ƙaimi, a zatonsa lalaci dokin ke yi. Suna gangara kwari sirdi ya juye gaba ɗaya, ya maka shi a kan duwatsu, hannun dama ya karye. Doki ya juya abinsa ya koma gida, sirdi na reto a ƙarƙashin ciki. Ganin haka ne mutane suka bi sawu suka ɗauko shi a kan ƙyaure, suka kwantar da shi kusa da ƙaninsa, wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura suntum. Sannan wani ya tafi a ƙasa ya kira mai ɗori. Sai bayan la'asar ya iso, ya tarar da karaya biyu, alhali ɗaya aka tashi kiransa. Abin da ya fi ƙona ran manomin, ƙanin ya warke da ɗingishi saboda jinkirin, kuma kullum yana ganinsa a hanyar gona.

Don haka gobe, kafin ka buɗe baki ka ce a ƙara ƙaimi, zagaya ka duba majayin mutanenka: sun ci abinci, kayan aiki sun isa? Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.