Zakaran Tanis da Ya Jawo wa Kansa Jika

Kai da girman da ake ba ka bai taɓa isar ka ba, kullum sai ka nemi ƙari, gyara zama ka ji abin da ya sami wani zakaran ƙwallon tanis.

Mutumin nan ya daɗe yana cin kofin gasar ƙwararru ta jiharsu. A ƙuruciyarsa da hannu yake ci, in ya doka ƙwallo sai ka ji kamar tayar mota ta fashe. To, shekara kwana ce. Gwiwa ta fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, tumbi ya fara riga shi isa bakin raga. Da ya ga ƙafa ta gaza, sai ya koma ci da baki, kuma makaminsa ɗaya ne, gaisuwa. In an haɗu a raga kafin a fara wasa, sai ya riƙe hannun yaro ya ƙi saki, ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. Da yaro ya faɗi sunan ubansa, sai gogan ya dafe ƙirji ya ce ai ranar sunanka ni na riƙe ƙafar rago. Shi ke nan, ya zama Baba. Wane ɗan halak ne zai ɗaga raket ya wulaƙanta abokin ubansa a gaban jama'a? Sai ka ga ƙato mai damtse kamar taɓarya yana turo masa ƙwallo a hankali, kamar mai miƙa wa suruki goro. A haka ya yi ta kwasar kofuna, har ya shelanta cewa bana ce gasarsa ta ƙarshe, zai ajiye raket ba a taɓa kayar da shi a filin garinsu ba.

Ranar wasan ƙarshe sai aka haɗa shi da wani saurayi baƙo, dogo siriri kamar karan dawa, wanda ya share manyan 'yan wasa a hanya ba wanda ya san ko daga wace unguwa ya fito. Zakara ya yi masa gaisuwar da ya saba, yaro ya rusuna har ƙasa, ya amsa da Baba. Dabara ta ci. Duk sanda hannunsa ya kuɓuce ya doka mai zafi, sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, ta gaba kuma ya sassauta. Zakara ya ci zagayen farko, amma da ƙyar, yana haki kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Da suka zauna hutu, ya dubi yaron nan ko gumi bai yi ba, sai ya ce a ransa wannan kunyar uba ba za ta riƙe shi har ƙarshe ba, gara a ƙara masa nauyi. Ya leƙo ya tambaye shi sunan kakansa. Yaro ya faɗi sunan wani tsohon mahauci da zakara bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Amma ya ɗaga murya yadda 'yan kallo za su ji, ya ce, “Allahu akbar! Ai ni da kakanka kwano ɗaya muke ci, ubanka ma a gabana ya girma!”

Yaro ya ɗago kai a karon farko, ya dube shi sama da ƙasa, fuskarsa ta washe. Ya ce, “Au, ashe ba Baba ba ne, tsoho ne! Tashi, kaka, yau za mu ga wanda zai tafi da tsohuwa.”

Nan zakara ya gane kuskurensa. Ya manta cewa uba ake jin kunya, kaka kuwa abokin wasa ne. Yaro ya saki hannu. Ya ajiye masa ƙwallo daf da raga, tsoho ya rugo da tumbi, yaro ya ɗaga ta ta bayan kansa, tsoho ya juya yana neman ta a sama kamar mai duban wata. Ya aika shi dama, ya aika shi hagu, yana tambayarsa ko a kawo sanda. Ga shi ba halin fushi, don wanda ya yi fushi da jika shi ake yi wa dariya. Ba kuma halin ya ce ƙarya na yi, duk fili ya ji shi da bakinsa. Da abin ya ishe shi ya kai ƙara wurin alƙalin wasa, alƙali ya leƙo daga kan doguwar kujerarsa yana danne dariya, ya ce shi ba ya shiga tsakanin jika da kaka. Samarin da ya shekara yana ci da gaisuwa kuwa suna gefe suna ta dariya, har da masu faɗuwa daga kan benci.

Aka tashi wasa, yaro ya ɗauki kofi. Ya zo bakin raga ya kama hannun zakara ya ƙi saki, ya ce, “Sannu, tsoho. Ka lallaɓa gida, kada ka sa mu sha gumba tun yau.”

Da ya tsaya a Baba, da wataƙila ya tafi da kofinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.