Tseren Jiya

Da Jiya ya dawo daga wajen alƙalan tseren jiragen ruwa, sai ya tarar mutanensa sun yi tsit. Kafin ya tafi ya bar su suna ihu, suna zolayar juna a kan gasasshen kifi. Yanzu kowa ya sunkuyar da kai yana shafa filafilinsa.

Ya san za a rina. Bana ne karon farko da dattawan garinsu, Gbaragi, suka damƙa masa jagorancin tuƙi a wutsiyar jirgi, suka tsallake Ndako Saba, wanda gemunsa ya yi fari a kan kogin Kwara. Tun daga ranar Jiya ya rasa abokan hira. Shi ya cire ƙanensa daga cikin matuƙa saboda gajeren numfashi. Shi ke tashin ƙarti da asuba, ya sa su tuƙi har tafin hannu ya fashe. In ya zauna cin tuwo, sai tabarma ta yi masa faɗi.

Matarsa Nnawo kaɗai ta san gabansa na faɗuwa. Ya so ta biyo jirgin mata, amma ta ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa ta, ya je kawai, ya dawo mata da tuta.

A gefen jirginsu ya ga wani ƙaramin kwalekwale da bai gani ba ɗazu. Mai shi, wani masunci ɗan garinsu, yana zaune jiƙe da gumi, bai ko ɗago ya gaishe shi ba.

"Tsado," in ji Jiya ga ɗaya daga cikin matuƙansa, yana neman wasa, "yau bakinka ya mutu ne? Ko kifin ya maƙale?"

Tsado, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya ce, "A'a, Yaya. Mu dai tafi."

Ndako Saba ne ya miƙo masa babban filafilin wutsiya da hannu biyu. Jiya ya karɓa yana tunanin ko ba'a ce.

Aka jera jirage, aka harba bindiga.

Jiya ya daka tsawa, filafilai suka faɗa ruwa lokaci guda. Dabararsa ita ce a lallaɓa har kwanar tsibiri, a bar jirgin abokan karawarsu na garin Muregi ya ƙona ƙarfinsa, sannan a buɗe wuta. Amma mutanensa ba su lallaɓa ba. Suka fizgi jirgin kamar ana korarsu.

"Sannu-sannu! Za ku ƙare tun yanzu!"

Ba wanda ya waiwayo. Mai ganga ma ya bi su, ya bar shi. To, abin da suka shirya ke nan, in ji Jiya a ransa: su fashe a tsakiyar kogi, a ce yaro ne bai iya ba.

Yana tsaye shi kaɗai a bayan bayansu, ya haɗiye tsoronsa. Tunda ba zai iya tsayar da su ba, zai ba su ruwan da ya fi gudu. Ya karkata jirgin zuwa bakin tsibiri, inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, duwatsu kuma na kwance a ƙasa. Kuskuren taki ɗaya, jirgin garinsu ya tsage. Ya danne filafilin da duk nauyinsa, dutse ya wuce ta hagunsa, har ya ga gansakukar da ke kansa.

Da suka fito, jirgin Muregi na baya.

Suka ratsa tsakanin tutocin ƙarshe, gaci ya ɗauki guɗa. Jiya ya ɗaga hannu. "Ya isa! Mun ci! Ku tsaya!"

Ba su tsaya ba. Ganga ce kawai ta yi shiru. Rumfar manyan baƙi ta wuce, ihun jama'a ya yi nisa, ba abin da ya rage sai numfashin maza da ƙarar ruwa. Kafaɗun Tsado na rawa, ba irin rawar gajiya ba.

"Ndako, wane irin wulaƙanci ne wannan?" in ji Jiya.

"Riƙe mana hanya, ɗana," in ji tsohon, bai juyo ba. "Gida za mu."

Rana ta karkata lokacin da mashigin Gbaragi ya bayyana. Ba mata masu guɗa, ba yara a ruwa. Maza ne tsaye cikin sahu a ƙarƙashin tsamiya, liman a gaba, duk sun zuba wa kogi ido.

Sai a lokacin Ndako Saba ya ajiye filafilinsa, ya tako har wutsiya, ya riƙe hannun Jiya.

"Kana wajen alƙalai saƙo ya iso. Duk kogin nan babu jirgin da ya kai wannan gudu, kuma babu mai bi da shi ta tsibiri sai kai, in hankalinka na jikinka. Ba tuta muka yi wa tuƙi ba, ɗana. Liman ya ce ba zai wuce la'asar yana jiranka ba, za a sallaci Nnawo."