Maƙerin da Ya Gyara Harafi Ɗaya

Malam Jatau, ajiye aikin nan haka ka ji wani misali, tunda na lura hannunka ba ya iya haƙuri ko da abu ya riga ya yi kyau.

A can ƙasar Turai, zamanin da aka fara buga littattafai da haruffan dalma, an yi wani maƙerin zinariya da ya bar ƙira ya koma ɗab'i. Gwani ne, ya kuma san shi gwani ne, har maƙwabta sun gaji da ji. Aikin kuwa ga yadda yake: kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne, sai a riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya ana jerawa a juye kamar rubutun hatimi har shafi ya cika. Daga nan a kewaye su da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake kira firam, a cusa 'yan guntayen katako a gefe, a bi su da guduma har haruffan su ƙame kamar dutse guda. Muddin katakon nan na matse, ko a ka ka ɗora shafin ka tafi kasuwa, ba abin da zai motsa.

Babban limamin cocin garin ya ba shi aikin buga wani ƙaton littafin tauhidin Kirista, yana so ya raba wa limamansa ranar Kirsimeti. Littafin da Latin aka rubuta shi, maƙeri kuwa ko gaisuwa bai iya da Latin ba. Siffar haruffa kawai yake bi, kamar mai ɗinkin hula da zane a gabansa. Asalin littafin rubutun hannu ne, guda ɗaya tak a duk yankin, na wasu masu zuhudu ne da ke zaune can bayan duwatsu. Ba su yarda sun ba da aronsa ba sai da suka haɗo shi da wani dattijo daga cikinsu, ya zo ya tare a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Tsarin littafin tambaya da amsa ne: marubucin zai kawo tambaya mai wuya, ya jero hujjojin masu musu, sannan ya warware. Aka yi ta bugu, takardu na shanye bisa igiya kamar wankin gidan suna, har ya rage shafin ƙarshe. A nan ne amsar babbar tambayar take, wato ko Ubangiji na karɓar tuban wanda bai tuba ba sai da ya ga mutuwa a bakin ƙofa.

Ranar da maƙeri ya gama jera shafin, sanyi ya riga ya kankama. Dattijo ya ce dole ya kama hanya kafin ƙanƙara ta toshe mashigar duwatsu, don in ta toshe sai wata shekara. Tawada ta ƙare sai an dafa sabuwa, amma akwai ɗan saura a gindin tukunya. Dattijo ya ce, "Ɗana, kwashe wannan ka buga ko takarda guda mu ajiye, kafin in naɗe littafin." Maƙeri ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, gwaji ai na 'yan koyo ne. Sauka lafiya, ka gaida mutanen dutse." Dattijo ya ɗaure littafinsa a bayan alfadari ya tafi. Kafin sabuwar tawada ta nuna, ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya ruf.

Da safiyar ranar bugu, maƙeri ya tsaya yana kallon shafinsa yana murmushi shi kaɗai. Can sai idonsa ya faɗa kan wani harafi da ya ɗan karkace, karkacewar da ba ta kai kaurin gashi ba. Matarsa tana gefe tana jiƙa takardu, ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan ai ko liman ya ɗora tabarau a kan tabarau ba zai gan shi ba. Ƙyale shi." Ya ce, "Shi ba zai gani ba. Ni fa?" Ya ɗauki guduma ya sassauta katakon, ya sa hantsaki ya zare harafin, ya dasa wani madaidaici a gurbinsa. Kai, abin ya yi kyau! Daɗi ya kwashe shi, ya ce mata ta matso taga ta ga aikin maza a cikin haske, ya jawo firam daga kan tebur ya ɗaga. Katako kuwa bai mayar ba. Firam ya taho a hannunsa fayau, haruffa suka zube ƙasa kamar an kwance bakin buhun gero.

Ya durƙusa ya tsince su kaf ya zuba a kwano, ko ɗaya bai ɓata ba. Ga amsa dai cikakkiya a gabansa, amma bai san wane harafi ke bin wane ba, kuma duk garin babu wanda ya haddace shafin.

Kirsimeti ta zo, aka kai wa babban liman littattafansa. Ya buɗe ƙarshe ya karanta tambaya, ya karanta hujjojin masu cewa ba a karɓar irin wannan tuba, ya juya takarda ya tarar da ita fara fat. Ya ce, "To, malam gwani, ina amsar?" Maƙeri ya sunkuyar da kai ya ce, "Tana gida cikin kwano, ranka ya daɗe." Liman ya rufe littafin a hankali, ya ce ba zai miƙa wa limamansa littafin da masu musu ne suka yi maganar ƙarshe a cikinsa ba. Ya sa aka mayar wa maƙeri da kayansa, aikin coci kuma daga ranar ya koma hannun wani.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.