Ƙauyen da Ba Zai Biya Ba

Tana karanta kaso na ƙarshe, zauren taron na Matameye ya kaure da gunaguni. Ƙungiyoyin manoma na ƙauyuka bakwai ne suka haɗa kai za su biya kuɗin binciken sabon irin gero, suka ɗora mata rabon, tunda ita ta karanto lissafi a Yamai. Sharaɗinsu guda ne: kowa ya biya gwargwadon amfanin da zai samu. Wata uku ta yi tana ɗura wa ordinatar, wato kwamfuta, alƙaluman ruwan sama, ƙarfin ƙasa da faɗin gonaki.

Shida sun ji nasu. Ƙauyen mahaifinta kuwa, sifiri.

"Ta dai yi wa 'yan gidansu gata," in ji wani wakili. Sau tara ta maimaita lissafin nan, tun a na huɗu hawayenta suka ƙafe.

Washegari baffanta ya iso da ƙwaryar ƙwan zabi, bakinsa har kunne.

"'Yata, kin fitar da mu kunya! Ko dala ba za mu bayar ba?"

"Ko dala, Baffa."

"Allah ya yi miki albarka. To, yaushe irin zai iso mana?"

"Nan da shekara biyar."

Ordinatar ba ta san zumunci ba. Ta dai hango cewa kafin lokacin rairayi ya gama binne gonakinsu, babu inda za su shuka shi.

Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu.

"A gaishe da mutanen gida."